Dankalin turawa nawa zai ishi baƙi? Lissafin taro tun daga kasuwa har kasko

Uwargida, kafin ki aiki yaro kasuwa, ki fara yanke shawarar matsayin dankalin a girkinki: rakiya zai yi wa shinkafa, soya shi za a yi, ko shi ne abincin gaba ɗaya? Amsar nan ce ke yanke yawan da za ki saya. Kuma da kilo ake lissafi, don ƙirga ƙwaya yana yaudara. Matsakaicin dankali wanda ya cika tafin hannu yakan kai gram 150, wato shida ko bakwai a kilo, amma ƙanana masu girman ƙwan kaza sai kin tara kusan goma sha biyar.

Ga ma'aunin babban mutum ɗaya, ɗanye da ɓawonsa. In a miya za a yanka shi a zuba kan shinkafa ko taliya, gram 150 ya isa, kilo ɗaya na mutum shida zuwa bakwai. Soyayye da kaza, nama ko ƙwai, gram 250, kilo ɗaya na mutum huɗu. Faten dankali da babu wani abinci a bayansa kuwa gram 400 ne, kilo 2 na mutum biyar. A buɗe-baki, inda kunu da ƙosai suka riga suka tare ciki, ki rage soyayyen zuwa gram 200. Yara biyu a matsayin babba ɗaya suke, amma samari majiya ƙarfi ki ba kowannensu rabo ɗaya da rabi.

Soyayyen ne ya fi ba masu girki kunya a taro, kuma da dalili. Fira kaɗai tana tafiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in wuƙar ta shiga da yawa ko dankalin ƙanana ne ma ta fi haka. Sannan dankali yawancinsa ruwa ne, a cikin mai kuwa ruwan ke fita. Kilo ɗaya da ya shigo gida da kyar yake ba da rabin kilo a faranti. Shi ya sa robar da ta cika taf da yankakke take komawa ɗan tsibi a tsakiyar tire.

Mu ɗauki taron suna a Garwa, a arewacin Kamaru: manya 40, yara 20. Bakin ci 50 ke nan. Soyayye gram 250 sau 50 ya ba da kilo 12 da rabi. Sai ki ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya zama kilo 15. Wannan ƙarin ba almubazzaranci ba ne. A garuruwanmu wadda aka gayyata ba ta zuwa ita kaɗai, ga kwanon maƙwabta da na tsofaffin da ba su samu fitowa ba, ga ruɓaɓɓen da ba a rasawa a ƙasan buhu. In a tire za a ci, mutum biyar-biyar, ki ware kilo ɗaya da kwata ga kowane tire tun yana ɗanye, kada na farko su cika na ƙarshe su fita da ɗan tsakure.

A kasuwa sau da yawa kashi-kashi ake sayarwa ko a bokiti. Bokiti mai lita 10, in an cika shi daidai baki ba tare da tozo ba, yana ɗaukar wajen kilo 6 da rabi. Kilo 15 ɗin nan bokiti biyu ne da sulusi. Ki sa a juye miki a ƙasa ki gani, don manyan ake jerawa a sama. Ki zaɓi masu tauri da santsin fata. Wanda ya yi yaushi ko tsiro ya riga ya rasa ruwansa, firarsa kuma asara ce. Wanda ya yi kore rana ce ta buge shi, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi, in ya yi yawa a zubar.

Da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, dankali ba ya jimre ajiya. Ki saya ana jibi taro ko ana gobe, ki fitar da shi daga leda, ki baza a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da albasa. Kada a wanke sai ranar girki. Da an fere a tsoma a ruwan sanyi don kada ya yi baƙi, amma kada ya kwana a ruwan sai in firji zai shiga, in ba haka ba ya wayi gari da tsami da yauƙi.

Lokacin suya ma yana cikin lissafi, kuma nan aka fi makara. Lita 3 na man gyaɗa ko man auduga irin Diamaor ba ya son a zuba masa fiye da gram 600 a lokaci guda. In kika cika kaskon, man zai huce, dankalin ya sha mai ya yi laushi. Kilo 15 bayan fira yakan koma wajen 12, zubi ashirin ke nan, kowanne kusan minti 10: sama da awa uku a murhu ɗaya. Don haka a hura murhu biyu, ko a yi suya biyu. Ta farko da safe a wuta matsakaiciya, har ya nuna ciki bai yi ja ba, a kwashe a baza a tire. Ta biyu dab da zubawa, a mai mai zafi sosai, minti biyu zuwa uku. A tsane shi sarai kafin ya shiga mai, gishiri kuma sai ya fito.

Na miya da na fate a yanka su daidai da juna, a zuba bayan nama ya yi laushi. Minti 15 zuwa 20 sun isa. A babbar tukunya ki sauke da zarar cokali mai yatsu ya shige da ɗan tauri, don zafin tukunyar zai ƙarasa shi kafin a gama rabo.