Idan baƙin mai ya tsiyaye a hanya: kurakuran da ke ƙarasa injin mashin

Na daɗe ina gyaran mashin a Birnin Kebbi, kuma yawancin injinan da ake kawo mini bayan baƙin mai ya tsiyaye, abin da mai mashin ya yi cikin mintoci goma na bayan nan shi ke ƙarasa su. Boxer da ire-irenta, duk man da ke cikinsu bai wuce kimanin lita 1 ba, kuma ba su da lagireto. Iska da man nan ne ke kwashe zafi. Da notin ƙasa, wanda ake cirewa a juye mai, ya kwance, ko dutse ya fasa cikin inji a hanyar fadama, kafin ka ankara ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Babban kuskure shi ne "bari in lallaɓa in ƙarasa gari". Wani ɗan kabu-kabu ya taso daga Jega da fasinja, ya ji ƙarar inji ta sauya, mashin ya yi nauyi, ya ga mai a takalminsa. Ya ce mini, "Oga, na ga saura kaɗan in shigo." Wannan kaɗan ɗin ta ci masa bulo, da fistan da ke kai-kawo a cikinsa, da kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistan ɗin. Da ya kashe nan take ya tura, wataƙila noti da lita ɗaya ta mai sun wadatar. In ka ji wannan alama, kama kuloci, ka kashe inji, ka gangara gefe.

Sai masu fasa ledar fiya wata a kan inji wai ya huce. A zafin Afrilu na san abin da ke kai mutum ga haka, amma kan injin alminiyon ne, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Nemi inuwa, ka ba shi kamar rabin awa.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne hawa kan kik da dukan ƙarfi bayan inji ya cije, ko a sa giya a tara samari su tura. Fistan ya manne da bangon bulo, kai kuma kana tilasta shi: zobba su karye, su karce bangon, wani lokaci har kwanrod ya lanƙwashe. Bayan ya huce, cire fulogi, ka ɗiga mai kaɗan ta ramin, ka sa giya a firi, ka danna kik da hannu a hankali. In ya juya sumul babu ƙara, akwai fata. In ya ƙi, ɗora shi a mota zuwa wurin bakanike.

Ko da ya juya, kada ka zuba sabon mai ka kama hanya sai ka gano inda na farko ya bi. Sau da yawa notin ƙasa ne: an ɗaure shi fiye da kima lokacin juyen mai har zaren alminiyon ya cinye, ko an mayar da shi babu washa, ɗan zoben da ake sa wa noti. Naɗa masa leda ko tsumma ba gyara ba ne, a sake yanka zare ko a sa sabon gida. A duba sil, wato robar da ke tare mai, da ke bayan ƙaramin haƙorin sarƙa da na sandar giya.

Yanzu ga namu laifin, mu masu gyara. Da yawanmu muna sauya fistan da zobba mu rufe, mu karɓi kuɗi, bayan mako biyu mashin ya dawo yana ƙwanƙwasa. Tari ragowar man a farin kwano ka duba a rana. In yana ƙyalli, ɓarɓashin ƙarfe ne. Sa maganaɗisu: abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, daga boris ko kam (sandar da ke sa bawul buɗewa), wanda bai manne ba alminiyon ne, galibi daga fistan. Wannan ɓarɓashi yana maƙale a rariyar mai da cikin famfon mai, in ba a wanke su ba sai ya koma ya ci sababbin kayan. A buɗe kan injin ma, don kam da roka, ƙarafan da kam ke dannawa, su ne nesa da famfo, su ke fara bushewa. In ka ga sun yi shuɗi ko sun karce, sun tashi aiki. Kwanrod kuwa a kama shi a ja sama da ƙasa. Ɗan motsin gefe ba laifi, amma in yana wasa sama da ƙasa, boris ɗinsa ya mutu, kuma sabon fistan ba zai rufe wannan ba. Ni gara in gaya wa mutum gaskiyar kuɗin tun farko da ya biya sau biyu.

Bayan an haɗa, a zuba mai na gwangwani a rufe, 20W-50 na mashin, domin kulocinsa cikin man yake wanka, wani man mota na sa shi zamewa. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi, ba ka san abin da aka gauraya ba. A tayar a bar shi yana silo, a sassauta murfin tafet, ƙaramin murfin da ke kan injin, a tabbatar mai na isowa sama kafin a murɗa totur.

Kwanakin farko kada a ɗora masa buhunan shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga Argungu ko a yi goyon uku. A bi shi a hankali, a juye man bayan kamar kilomita 500, a sake tara a farin kwano a duba. Kowace safiya kuma, kafin ka taka kik, zaro gejin mai ka duba, ka leƙa ƙarƙashin inda ya kwana.