Yadda ake fara koya wa ɗalibai aikin ƙarfin ruwa da iska da sirinji biyu

Kafin ka rubuta komai a allo, saya wa kowane rukuni sirinji biyu marasa allura, ƙarami mai 5ml da babba mai 20ml, tare da guntun robar ƙarin ruwa. Duk ana samunsu a kemis.

Fara da sirinji ɗaya. Ɗalibi ya zuƙo iska, ya toshe bakin da yatsa, ya danna. Zai ji ta matsu, da ya saki kuma ta turo hannunsa baya. Sai ya cika shi da ruwa ya sake. Ko gezau! A nan bambancin yake: iska tana matsuwa, ruwa kuwa kusan ba ya yi. Mai aiki da ruwa ko mai shi ne haidirolik, mai aiki da matsattsiyar iska shi ne niyumatik.

Daga nan a haɗa sirinjin biyu da robar, a cika su da ruwa (ɗan ɗiga ruwan zoɓo, an fi ganin tafiyarsa). Ɗalibi ɗaya ya riƙe ƙaramin, wani ya riƙe babban, su yi turereniya. Zaɓi mafi ƙanƙanta a ajin ka ba shi ƙaramin sirinjin, don shi zai yi nasara, ajin kuma zai kaure da gardama. Sai yanzu ne za ka ambaci Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, wanda ya nuna cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina daidai. Idan girman fuskar babban fistin (abin da ke tura ruwa a cikin sirinji) ya ninka na ƙaramin sau huɗu, ƙarfin ma ya ninka sau huɗu. Amma ba kyauta ba ne. Su duba da idonsu: ƙaramin ya tafi har ƙarshe, babban ɗan motsi kawai ya yi. Shi ya sa bakanike yake ta buga hannun jak kafin mota ta ɗaga. A kan wannan ƙa'idar Joseph Bramah ya ƙera injin matsi a Ingila a 1795.

Mataki na gaba ni na fi sonsa: bar kumfar iska ta shiga robar da gangan. Dannawa za ta yi laushi, babban sirinjin ya yi nawa. Abin da ke faruwa ke nan idan iska ta shiga man birki.

A ƙarshe ka fita da su. A Panteka ko garejin da ke kusa za su ga tifa tana ɗaga bodinta da mai, mai faci kuma yana cika taya da kwamfuresa. Ka ja kunnensu tun a aji: ba a nuna wa mutum bakin tiyon iska ko da wasa, ba a laluben yoyon mai da hannu, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.