Yadda za a tarbi baƙo a coci a wannan lokaci na gudun hijira

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilu 2023, ikilisiyoyin Port Sudan, Gadarif da Kasala suke ta ganin sababbin fuskoki. Mafi yawansu sun baro gida da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Ibraniyawa 13:2 ta gargaɗe mu kada mu manta da karɓar baƙi, amma kyakkyawar niyya ba ta isa ba sai da tsari.

A sa mutum biyu a bakin ƙofa, namiji da mace, rabin sa'a kafin a fara sujada, domin baƙo yakan zo da wuri ya raɓe daga baya. Ɗayansu ya kasance mai jin Larabci sosai. Gaisuwa ce farko, "Sannu da zuwa, Baba" ko "Sannu da hanya, Mama", sai ruwa.

Ruwan nan yana buƙatar kulawa, tunda kwalara ta bazu a ƙasar a 2024. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin bisa umarnin fakitin a jira minti 30. Kada kowa ya tsoma kofinsa a randa. A ware moɗa ɗaya mai dogon hannu. Idan yaro ya iso da gudawa, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a garzaya da shi asibiti.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayar da baƙo a gaban jama'a ya faɗi sunansa da garinsa da ƙabilarsa. Wanda ya ratso shingayen bincike ya sha irin waɗannan tambayoyi a bakin bindiga. Wani kuma danginsa ba su san ya zo coci ba. Fasto ya yi maraba da baƙi gaba ɗaya daga bagade, shi ke nan. Hotonsu ma kada a sa a Facebook sai da yardarsu.

A zaunar da baƙo kusa da mai jin yarensa, wanda zai buɗe masa Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙi. Lokacin baiko, kada a tsayar da kwano a gabansa.

Bayan sujada, da shayi ko zoborodo a hannu, dattijo ɗaya ko uwa daga zumuntar mata ta tambaye shi a keɓe: ina za ku kwana, yara nawa, akwai mai shan magani kullum? Masu ciwon sukari da hawan jini sukan yanke magani a hanya. A danƙa baƙon ga iyali ɗaya takamaimai da za su leƙa shi kafin kwana uku, domin abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Taimakon kuɗi ya bi ta hannun ma'ajin ikilisiya, a rubuta, a ba shi a asirce.