Yadda ake raba layin dogo da jiragen da ke bin sa

Gwamnatin da ke son shigo da gasa cikin harkar jirgin ƙasa, sai ta fara da tantance abin da zai rabu da wanda ba zai rabu ba. Babu mai shimfiɗa layin dogo biyu kafaɗa da kafaɗa don kawai a yi gasa, saboda haka layi da sigina suna zama a hannu ɗaya, jigilar fasinja da kaya kuwa ita ake buɗe wa kamfanoni. Suwidin ta yi haka tun 1988, da ta ɗauke layin daga hannun SJ, kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, ta damƙa wa hukumar Banverket.

Daga nan sai a raba asusun ɓangarorin biyu, kamar yadda dokar Turai ta 1991 ta tanada, domin kada kuɗin gyaran layi ya sulale ya koma rage wa tsohon kamfanin gwamnati farashin tikiti.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne rabon lokaci, domin wanda ke tsara jadawali, yake kuma yanke kuɗin bin layi, shi ke da wuƙa da nama. Idan gidansu ɗaya da tsohon kamfani, kamar yadda tsarin yake a Jamus da Italiya, abin tsoron shi ne ya ba ɗan'uwansa jirgin ƙarfe bakwai na safe, lokacin da tasha ke cike da ma'aikata, ya bar wa baƙo na tsakar dare. Maganinsa hukumar sa ido ce mai zaman kanta, wadda za ta saurari ƙorafi ta yanke hukunci kafin jadawalin ya fara aiki, ba bayan baƙon ya karye ba. Ana iya yin nasara ko a haka: tun 2012 jiragen Italo, kamfani mai zaman kansa, ke gogayya da Trenitalia, kamfanin gwamnatin Italiya, tsakanin Milan da Rum.

Kada kuma a yarda alhakin gyara ya watse a hannun 'yan kwangila. Birtaniya ta sayar da Railtrack, kamfanin da ke riƙe da layukan dogonta, ga masu hannun jari a 1996, kamfanin kuma ya dogara da 'yan kwangila wajen kula da layi. A Oktoban 2000 ƙarfen layi ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield, mutum 4 suka mutu, aka rage gudun jirage a sassan ƙasar da dama saboda kamfanin bai san halin da sauran layukansa ke ciki ba. Network Rail da ta gaje shi a 2002 ba ta daɗe ba ta mayar da aikin gyaran hannun ma'aikatanta.