Yadda Mai Zane Zai Ci Moriyar Wasannin Ƙuruciyarsa da Abubuwan da Yake Sha'awa

Duk wanda ya riƙi zane a matsayin sana'a, ko tambarin kamfani yake fitarwa a kwamfuta, ko samfurin tufafi, ko taswirar gini, akwai ranar da basira za ta tsaya masa cik, ya ga aikinsa ya koma iri ɗaya da na kowa. Matasa da yawa idan suka shiga wannan hali sai su faɗa intanet su kwaso abin da wasu suka yi. Abin da ya fi wannan amfani shi ne mutum ya koma ga abin da hannunsa ya saba da shi tun yana yaro.

Ka fara da ɗaukar takarda ka rubuta duk abin da ka taɓa ƙerawa kafin wani ya koya maka zane, kada ka raina komai. Yaron da ya yi motar kara ya san aikin da ke cikinta: sai ya ɓare karan dawa, ya ware ɓawo da totuwa, ya yanka totuwar daidai, ya riƙa soka siraran ɓawon yana haɗa gaɓoɓi, sannan ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. Idan taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma motar za ta karkace, dole ya warware ya sake. Awo da daidaito da haƙurin gyara ke nan, waɗanda daga baya ake karantarwa a aji. Haka yarinyar da ta gina tukwanen laka, ko ta ɗinka wa 'yartsana riga da ƙyallen tela, ko ta koyi kitso da zanen lalle, ta riga ta san yadda ake raba fili da yadda ake maimaita siffa. Wanda ya zauna kusa da mai zayyanar allo lokacin sauka ya ga yadda launuka kaɗan ke cika ido.

Bayan ka rubuta, sai ka zaɓi ɗaya ka sake yin sa da hannunka, ka ajiye waya da kwamfuta. Tunawa kaɗai ba ta wadatarwa, domin hannu yana riƙe abin da kai ya manta.

Mai zane a Zariya yana da misali a ƙofar gida. A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna masu ra'ayin cewa a haɗa dabarun da Turawa ke koyarwa da fasahar da kowa ya taso ya tarar a gida. Okeke ya koma ga uli, zanen gargajiya da matan Inyamurai ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, Onobrakpeya kuma ya ɗebo daga tatsuniyoyin mutanensa na Urhobo. Abin da ya ɗaukaka su shi ne abin da kowannensu ya zo da shi daga gida.

Daga nan sai ka fita da ƙaramin littafi da fensir. Ka shiga cikin birni ka dubi adon da magina suka yi a fuskar zauruka, ka nemi sanin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, musamman yadda ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da laka da azara. Ka zauna wurin masu ɗinkin hannu, ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce, "Baba, ina so in ga yadda ake fitar da aska takwas," ka lura da inda suke cika zare da inda suke barin yadi ya huta. Zana abin da ka gani ya fi ɗaukar hotonsa, saboda zanen yana tilasta maka ka duba sosai.

Ka kuma riƙe wani abin sha'awa da ba na kuɗi ba, ko kiwon tattabaru ne, ko shuka furanni, ko saƙar hula, ka ware masa lokaci a kowane mako. A ganina kuskure ne a mayar da shi kasuwanci da zarar an ga ya yi kyau, domin a nan ne kaɗai kake gwaji ba tare da tsoron abin da kwastoma zai ce ba.

Wajen shigar da waɗannan cikin aikin da aka ba ka, a nan ake bukatar lura. Manna dagi a kan kowane katin biki da kowane tambari ba shi ne amfani da gado ba. Ka ɗauki ƙa'idar da ke ƙarƙashin adon, kamar yadda layi ɗaya ke saƙuwa ya dawo inda ya faro, ko yadda ake cika wuya da aljihun riga a bar sauran fili, ka gwada ta a kan aikin da ke gabanka. Ka fitar da samfuri biyu, ɗaya yadda kwastoma ya nema, ɗaya kuma da abin da ka ɗebo daga littafinka, ka nuna masa su tare, ka yi masa bayanin inda na biyun ya samo asali.