Yadda Ake Gane Tururuwa da Sauran Ƙwarin Lambun Gida, da Yadda Ake Maganinsu

A garin Gombe, inda gidaje da yawa ke sayen ruwa a hannun masu tanka ko 'yan garuwa, duk wanda ya keɓe ɗan fili a bayan ɗaki ya shuka tumatir, attarugu, alayyafo da kuɓewa, ko ya jera buhuna ya cika su da ƙasa da taki, ya san kuɗin da kowane tushe ya ci kafin ya kai ga fure. Shi ya sa idan ya wayi gari ya ga tururuwa ta yi jerin gwano tana hawa shukarsa, abin da ke fara faɗo masa shi ne ya aika a sayo maganin feshi. Shawarata ita ce ya dakata tukuna, ya tsuguna ya bi layin da ido har inda ya ƙare, domin sau da yawa ba tururuwar ce ke ɓarnar ba. Wani abu ne ya kira ta, kuma shi ne ke kashe shukar.

Aikin farko shi ne sanin ƙwaron da ake fama da shi. Bahaushe bai haɗa su a suna ɗaya ba: akwai kiyashi mai bin zaƙi, da cinnaka mai cizo, da tururuwa mai jidar ƙwayar hatsi zuwa raminta, da gwano mai wari, da kwarkwasa mai tafiya runduna guda. Dukkansu dangi ne, kuma ana gane su da tsukakken ƙugu da gashin baki biyu masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Gara kuwa ba danginsu ba ce ko kaɗan, hasali ma ta fi kusa da kyankyaso. Jikinta fari ne mai laushi, ba ta da tsukakken ƙugu, ba ta son haske, kuma duk inda za ta bi sai ta yi wa kanta rufi da jar ƙasa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, saboda gara tana cin itace da saiwa, alhali yawancin tururuwa ba sa cin ganye.

To me ke kai kiyashi ko tururuwa saman attarugu? A juya sabon toho a duba bayan ganyen. Galibi za a tarar da wasu ƙananan ƙwari masu laushi, kore ko baƙaƙe, sun yi cincirindo sun lafe ba sa motsi. Su ne manoma ke kira darɓa, wasu kuma su ce kwarkwatar ganye. Suna soka baki su tsotse ruwan shuka, sannan su fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda shi ne tururuwa ke zuwa sha. Abin da ke tsakaninsu ya yi kama da na makiyayi da shanunsa: tururuwa tana tatsar su, tana korar duk ƙwaron da ya zo cin su, wani lokaci har ta ɗauke su ta kai su sabon reshe. Darɓa kuma tana yaɗuwa da sauri ƙwarai, domin macen tana haihuwar 'ya'ya masu rai ba tare da namiji ba, kuma cikin kimanin mako guda 'ya'yan su ma sun fara haihuwa. Alamominta su ne ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo a hannu, daga baya wani baƙin abu kamar kunkunniya ya rufe shi ya hana shi shan rana. A jikin gwanda, gwaiba da lemo, irin wannan kiwon ake yi wa wani farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga, wanda ke taruwa a gindin 'ya'yan itace. Na taɓa yin makonni ina zuba wa ramin kiyashi ruwan zafi a gefen attaruguna, suna ɓacewa suna dawowa, sai ranar da na juya ganye na ga darɓa sannan na gane cewa jela nake sara na bar kai.

Maganin darɓa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Idan ba ta yi yawa ba, a murje ta da yatsa ko a tsinke tohon da ta mamaye a binne shi, sannan a wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi. Idan ta bazu, a narkar da ɗan sabulun salo ko sabulun wanki na sanda, kimanin ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a lita guda ta ruwa, a fesa da yamma, a tabbatar ya jiƙa bayan ganye, domin sabulu ba ya kashe ƙwaron da bai taɓa jikinsa ba. Kada a yi amfani da garin sabulun wanki, yana ƙone ganye, kuma yana da kyau a gwada a tushe ɗaya a jira kwana guda kafin a bi sauran. A maimaita bayan kwana 4 ko 5 har sau uku. Da zarar darɓa ta ƙare, tururuwa da kanta za ta rage zuwa.

A kan bishiya kuwa, dabarar ita ce a datse wa tururuwa hanya, domin ƙwarin da ke cin darɓa su samu damar yin aikinsu. A naɗe gangar bishiyar da leda mai faɗin tafin hannu, a shafa giris a kan ledar, ba a kan ɓawon ba, a riƙa sabuntawa idan ƙura ta rufe shi, musamman lokacin hunturu. A kuma sare duk reshen da ya taɓa katanga ko rufin ɗaki, in ba haka ba sun sami gada. Amma akwai tururuwar da ba a kora: jajayen nan masu ɗinke ganyen mangwaro su yi gida a sama. Cizonsu da zafi, sai dai suna cin tsutsotsi, suna kuma hana ƙudan da ke saka ƙwai a cikin mangwaro sakewa. Manoman lemo a ƙasar Sin sun fi shekara 1,500 suna ajiye danginsu a gonaki da gangan saboda wannan amfani.

Akwai wurare biyu da tururuwa ke yin ɓarna da kanta. Na farko shi ne wurin rainon iri, inda take kwashe ƙwayar alayyafo, latas ko albasa tun kafin ta tsiro, mai lambu ya yi ta jira yana zargin wanda ya sayar masa da irin. Maganin wannan shi ne a raini irin a cikin faranti ko kwali a kan benci, a sa kowace ƙafar bencin a cikin gwangwani mai ruwa. Na biyu shi ne idan ta yi gida a cikin buhu ko tukunyar shuka, ta sassake ƙasar da ke riƙe da saiwa har shukar ta riƙa yaushi ko an ba ta ruwa. Tururuwa busasshiyar ƙasa take so, saboda haka a jiƙe buhun sharkaf kwana biyu ko uku a jere, za ta kwashe ƙwayayenta ta ƙaura. Tafasasshen ruwa yana aiki a ramin da ke nesa da shuka kawai, domin a kusa yana dafa saiwa. Toka da aka zagaya wa fangali tana tare su muddin tana bushe, amma kada a yawaita ta, tana sauya ƙasa idan ta taru. Kwarkwasa kuma idan ta ratso lambu, a janye yara da kaji a ba ta hanya. Mafarauciya ce, za ta share tsutsotsi ta wuce.

Gara ta fi kowanne wuyar sha'ani a ƙasa irin tamu mai saurin bushewa. Shukar da ƙishi ya galabaita ita take fara kamawa, musamman dashen mangwaro, zogale da rogo a bazara, kuma alamarta ita ce shuka ta bushe farat ɗaya, in an tuge a ga saiwar ta zama holoƙo cike da ƙasa. A riƙa ba dashe ruwa a kan kari, a kankare rufin ƙasar da ta yi a jikin itace da zarar an gani, a kwashe tsofaffin kututtura da katako daga lambu, kuma kada a zuba ɗanyen taki ko a jingina ciyawar rufe ƙasa da jikin tushe. A bar tazarar yatsu huɗu. Akwai wata tsohuwar dabara da nake ganin ta fi feshi: a cika tsohuwar tukunyar ƙasa da busasshiyar kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a inda gara ke fitowa. Da sassafe a ɗaga, a juye wa kaji ko zabi abin da ya taru. An rage gara, an kuma ciyar da kaji.

Sauran ƙwari ana gane su ne da irin tabon da suka bari. Idan an girgiza tumatir wasu fararen ƙwari ƙanana suka tashi kamar gari, farin ƙuda ne, kuma haɗarinsa ya wuce tsotso, domin shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya ƙanƙance ya nannaɗe ya yi rawaya. Tushen da ya kamu ba ya warkewa, sai a tuge shi. Ƙananan huji birjik a ganyen kuɓewa, yakuwa da rama aikin wani ɗan buzuzu ne mai tsalle, wanda barbaɗa toka da safe a kan raɓa ke rage shi. Dashen da aka wayi gari an yanke shi daidai da ƙasa, gyare ne ko wata tsutsa mai fitowa da dare, kuma in an tona gindin da yatsa sau da yawa za a same ta a naɗe. Shukar da ta tsumbure, aka tuge aka ga ƙulle-ƙulle a saiwarta, wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani; a daina maimaita tumatir da kuɓewa a wurin, a sa masara ko albasa na wani lokaci.

Biyu daga cikin ƙwarin baƙi ne a ƙasar nan. Tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Ebolar tumatir asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a shekarar 2016 ta yi wa gonakin Arewa ɓarnar da ta sa tumatir ya gagari talaka. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci cikinsa ta bar farin tabo kamar takarda, sannan ta huda 'ya'yan. Tunda a ɓoye take, feshi ba ya cika samun ta, kuma ta saba da magunguna da dama. A ƙaramin lambu abin da ya fi shi ne a riƙa tsinke ganyen da ya kamu ana ƙonewa, a kuma tuge tsohon tumatir gaba ɗaya bayan girbi. A shekarar 2016 ɗin ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, ita ma daga nahiyar Amurka. Alamarta kashi kamar dusar katako a cikin kunnen masarar, kuma ɗan yashi da aka gauraya da toka aka zuba a zuciyar yana taimakawa, tare da tsince ta da hannu.

Babu unguwar da ba ta da dogon yaro a Gombe, kuma 'ya'yansa sun fi ganyensa ƙarfi nesa ba kusa ba. A tsince nunannun da suka zubo, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu domin ya kama ganye. A fesa da yamma a ranar da aka tace, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, a kuma maimaita duk mako. Kada a sa ran ganin ƙwari sun zube nan take. Abin da yake yi shi ne ya hana su ci ya kuma hana su girma, sai bayan kwanaki ake ganin bambanci. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa ban goyi bayansa ba, domin guba ne ga mutum, kuma yana iya kawo wa tumatir da tattasai cuta.

Feshin yamma yana da wani dalilin: ƙudan zuma ya koma gida, kuma in babu shi kabewa da kankana ba za su yi 'ya'ya sosai ba. Haka nan ɗan buzuzun nan ja mai ɗigon baƙi, mai siffar rabin ƙwayar wake, darɓa ce abincinsa. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, kwaɗo da ƙadangare duk ƙwari suke ci, zanzaro kuma tsutsotsi yake jida zuwa ɗakinsa na laka. Maganin feshi mai ƙarfi yana kashe ƙananan cikinsu tare da masu ɓarna, kuma masu ɓarnar ne ke riga dawowa.

Idan abin ya gagara har sai an sayi magani, a ɗauki ganyen da ya kamu a cikin leda a kai wa malamin gona, ko na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha ko na Kwalejin Nazarin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, ya faɗi sunan ƙwaron kafin a je kanti. A sayi mai lambar NAFDAC a cikin kwalbarsa ta asali, a duba ranar lalacewarsa, a auna yadda aka rubuta, ba yadda mai shago ya kimanta ba. Piya-piya da ake ɗurawa a kwalabe marasa takarda ba shi da wuri a lambun da ake tsinkar ganyen miya, haka ma Sniper, wanda tun a 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa riga mai dogon hannu da takalmi, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu bayan ya gama. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. A rubuta ranar feshin a bango, a kuma sanar da uwargida da yara, domin su ne ke shiga tsinkar alayyafo da yamma. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda ta yadda ba wanda zai zuba mai ko ruwan sha a ciki, sannan a kawar da ita nesa da rijiya.