Yadda Jiniyar Gargaɗi Ke Fitar da Ƙara, da Abin da Ake Dubawa Idan Ta Canza Murya

Jiniya mai inji da ake kafawa a kan dogon ƙarfe don sanar da gari zuwan guguwa ko harin sama, iska kawai take yankawa. A cikinta akwai fanka mai siffar ganga da injin lantarki ke juyawa, sai wata gangar da ba ta motsi wadda ta kewaye ta. Kowace an huda mata tagogi daidai da na 'yar'uwarta. Fankar na zuƙo iska ta tsakiya ta watso ta gefe. Idan tagogin suka yi daidai iska ta fita da ƙarfi, suna gocewa ta katse. Wannan buɗewa da rufewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya shi ne kukan da ake ji.

Lissafin muryar ba wuya: yawan tagogi sau yawan juyi a daƙiƙa. Jiniyar E57 ta Jamus tagogi 9 gare ta, injinta na juyi 2,800 a minti, sai ta ba da 420 Hz, wato buɗewa da rufewa sau 420 a daƙiƙa. Mai tagogi 10 a layi ɗaya da 12 a ɗayan tana fitar da murya biyu a tare. Hawa da saukar muryar kuwa, wuta ake ba injin a ɗauke: yana ɗaukar gudu murya ta hau, yana lafawa ta sauko.

Saboda haka mai gyara da kunne yake fara aiki. Idan muryar ta kasa kaiwa inda ta saba, gudun ne ya ragu, sai a auna wuta, ko batir idan da shi take aiki. Injin da ke cin layin wuta uku, idan ɗaya ya katse zai yi ta gurnani bai tashi ba, kuma in aka bar shi haka wayar cikinsa za ta ƙone. Murya daidai amma ƙara ta ragu, mashigar iska ce ta toshe, galibi da sheƙar tsuntsu ko gidan rina.

Kafin a taɓa komai a kashe wuta a sa kwaɗo a makunni, domin ana iya tayar da jiniya daga nesa, kuma fankar na iya cire yatsa. Sannan a juya ta da hannu. Tazarar da ke tsakanin gangunan biyu 'yar kaɗan ce, don haka duk ƙarar gogayya alama ce boris ya ci, ko wani abu ya maƙale. A share tagogi, a gyara ragar da ke hana tsuntsu shiga, a sa giris gwargwadon umarnin kamfanin.

Lokacin gwaji a toshe kunne sosai. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, tana raguwa da desibel 6 ne kacal duk sanda nisa ya ninka, kuma E57 na kai desibel 101 a nisan mita 30.